Jar Kujerar Gwaggo Cima

"Inna ta ce ba ta yarda ba."

Kansa a sunkuye Alƙasim ya faɗi maganar, yana murza makullin motonsa mai ƙafa biyu kamar shi ne ya yi laifin. Suna tsaye a ƙofar gidan su Salma a Babankatami, gindin icen bedin da suka saba tsayawa duk ranar da ya samu sararin baro gonar albasarsa a Azarori.

Salma ta dube shi.

"Mi na yi mata? Ba ta ma taɓa ganina ba."

"Ta gan ki. Matsalar ke nan. Ƙannena sunka nuna mata hotunanki cikin talho. Ta ga salonku na tarbar baƙi, ta ga hirigon sanyaya ruwa, ta ga jar kujerar da kika zama bisa. Ta ce wagga ɗiya da cokali mai yatsu taka cin abinci, ina za mu kai ta? Ta ce ran da kinka ga turminmu, rannan za ki nemi mota."

To, a nan dole in tsaya in tona wani asiri, Salma ta yafe mini.

Salma tela ce, a Madawa ta koyo ɗinki, kuma hannunta na da kyau. Don ta samu masu kawo ɗinki ta fara saka rigunan da ta yi tana ɗaukar hoto tana ɗorawa a talho, wato wayar hannu, ta raɗa wa kanta suna Gimbiyar Adar. Wurin hoton kuwa kusurwa ce guda a ɗakin uwarta, faɗinta bai wuce tabarma ba. Ta shafe ta da ragowar farin fentin da aka yi wa makaranta, ta rataya labule, ta dasa furen roba a gwangwanin madara. Sauran aikin talho ke yi: shi ke shimfiɗa mata tayil, shi ke girka hirigo mai ƙofa biyu, shi ke zaunar da ita a kan wata jar kujera da babu kafintan da ya taɓa sassaƙa ta.

Da za ka ja talhon baya da taku ɗaya, abin da za ka gani turmi ne da buhun gero, da ragon babanta Malam Ayuba yana ƙoƙarin cin gefen labulen.

Alƙasim bai san wannan ba. Mai neman aure iyakarsa ƙofar gida, kuma shi yaro ne mai kunya, ko leƙen zaure bai taɓa yi ba. Shi ma ya ɗauka bayan katangar ƙasan nan akwai wata aljannar duniya.

"Salma, ki yi hanƙuri da ni," ya ce. "Na san ɗakina bai kai naku ba. Amma na sa an yi mashi siminti. Na sawo hure irin naki a kasuwar Madawa, har guda biyu. Tayil ne dai ba ni iyawa bana, sai in albasa ta yi kyau."

Nan hawayen Salma suka ɓalle. Tausayinsa ya kama ta, kunyar kanta ta fi tausayin yawa. Mutum ya hana kansa sukuni yana gasa da ɗakin da babu shi!

"Alƙasim, salon ga..."

"Na sani, da wuya ki bar shi."

"Ba haka ba ne. Ni kai nika so, ko a bukka ne."

"Haka kika cewa yanzu don kina sona. Ni tsorona ranar da za ki ji ƙishirwa ki ga randa."

Ta buɗe baki ta gaya masa ita ma daga randa take sha tun haihuwarta, maganar ta maƙale. Ta ya za ta dubi idon mutumin da ya sayo fure biyu saboda ita ta ce duk ƙarya ce?

Ya share fuskarsa da bakin rawani.

"Na roƙi Baba, ya ce a aiko Gwaggo Cima ran Laraba ta gani da idonta. Yayatai ce, abin da tac ce shi za a yi, ko Inna ba ta musu da ita. In tac ce gidanmu na iya riƙe ki, an yi. In tac ce a'a..."

Bai ƙarasa ba. Ya tayar da moto ya tafi, ya bar ta da ƙanshin albasa da ciwon kai.

*

Inna Rabi, uwar Salma, tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da labarin ya same ta. Ta ajiye rariya a hankali.

"Ran Laraba? Wagga Larabar?"

"Inna, mu bar gidan yadda shike. Ta zo ta ga turmi, ta ga rago, ta ga ni ka yin daka. Abin da suka tsoro ke nan, su ga babu shi."

"Ke, rufe mani baki! Mutanen Azarori su zo su tarar da mu haka? Su koma su ce ɗiyar Rabi maƙaryaciya ce, uwatta ma ta sani tay yi shiru? Kina son a riƙa nuna ni da baki a kasuwar Buza?"

Maganar ta taɓa Salma inda ke mata ciwo. In aka nuna gaskiya, ta zama maƙaryaciya. In aka nuna hoto, ta fi ƙarfin gidan. Ko ta ina aka bi, Alƙasim ne za ta rasa.

Ita kuwa Inna Rabi, a gaskiya rashin Alƙasim ba zai hana ta cin tuwo ba. Zuciyarta na wajen Shafi'i, wani ɗan Tamaske da ke bida, wato ci-rani, a Abijan, wanda ya ga Gimbiyar Adar a talho ya ce ya ga matar aure. Kullum sai Inna Rabi ta sa an buɗe mata hotunansa: ga shi jingine da farar mota, ga shi bakin ruwa da baƙin gilashi, ga shi riƙe da cinyar kaza. Tana kallo tana cewa masha Allah har allon ya mutu.

"Shi Shahi'i ai bai ce kin hi ƙarhinai ba," ta ce. "Ga shi ya iso gida hutu. Yaro tsab-tsab, ba mai warin albasa ba."

"Inna, ni warin albasar nika so!"

"Kin ji ta ko, Malam?"

Malam Ayuba, wanda tun ɗazu yake gyaran igiyar guga, ya ɗago ya dube su.

"Ni dai kada a taɓa mani rago," ya ce, ya ɗauki butarsa ya fita.

Daga wannan rana Inna Rabi ta shiga gari aro. Aro kuwa a wurinmu ba abin kunya ba ne. In kana da biki ko baƙi, tukunyar maƙwabci taka ce, tabarmarsa taka ce, ba ya ko tambayar ranar dawowa. Sai dai ba a taɓa ganin aro irin na Rabi ba, don ita da talho a hannu take yawo, tana nuna hoto tana cewa, "Irin wanga nika so."

Matar mai shago ta ba da hirigo. Ya daɗe da mutuwa, sabulu suke ajiyewa a ciki, amma fari ne kuma yana da ƙofa. Aka samo darduma daga gidan malamin makaranta, da talabijin da ba ta kamawa, da agogon bango mai faɗin lokacin da ya ga dama. Jar kujera ce ta ba da wahala. An duba gida-gida babu, har Hajiya Sakina, aminiyar Rabi, ta ce ƙanwarta a Madawa ta san wadda ta san mai irinta. Ranar Talata sai ga kujera a kan amalanken jaki, ja wur, mai laushi, da ɗan tabon ƙuna a hannun dama wanda aka rufe da ƙyalle.

Inna Rabi ta yi guɗa. Babu wanda ya tambayi daga gidan wa ta taso.

Aka kwashe duk abin da ke nuna ana rayuwa a ɗakin. Tsofaffin ƙore, da ludayi, da zanen dakan Salma, da ƙullin daddawar batso, duk aka cusa su cikin hirigo aka danne ƙofa. Turmi da taɓarya da rago aka tura su lungu, aka ja dogon labule a kansu.

"Gobe ki zauna kamar yadda kika zama a hoto," in ji Inna Rabi. "Kada in ga kin ɗauki ko tsinke. Hannuwan ga naki masu kanta kuma ki ɓoye su cikin mayahi."

Salma ta dubi ɗakin. Karo na farko ke nan da ta ga hotonta a fili, kuma bai taɓa ba ta tsoro kamar yau ba.

*

Da hantsi Alƙasim ya sauke gwaggonsa a ƙofar gida, shi ya koma gindin bedi ya tsuguna.

Gwaggo Cima 'yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, mai fataucin kuka da busasshen tumatir a kasuwannin ƙasar. Idonta ƙanana ne, amma in ta kalli kwanon awo ta san ko an buga masa gindi. Ta yi sallama, ta cire takalmi, ta shiga tana duban sama da ƙasa.

"Marhaba, marhaba da mutanen Azarori!" Inna Rabi ta tare ta. "Bismilla, ga wuri. Ki yi hanƙuri da ɗan salon namu, ba mu samu gyara shi ba."

Aka zaunar da ita a jar kujera. Ta nutse ciki har ƙafafunta suka bar ƙasa. Hannunta ya sauka a kan ƙyallen nan, ya ɗan shiga ƙarƙashi, ya shafa tabon. Ta dubi kujerar, ta dubi Inna Rabi, ta ciro goro ta ɓantara.

Salma ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma gefe ta zauna hannu cikin mayafi.

"Ɗiyar ke nan? Tubarkalla. Wa ka yi maku daka a gidan ga?"

"Daka?" Inna Rabi ta yi dariya. "Salma ai ba ta san nauyin taɓarya ba. Inji muka kai wa."

"Ruwa hwa?"

"Kawo muna aka yi."

"Girki?"

"Hayaƙi shina sa mata ciwon ido."

"Allah sarki," in ji Gwaggo Cima. "Mu kau hayaƙinmu har maƙwabta ka sha."

Kowace amsa ta faɗi a ƙirjin Salma kamar dutse. Ita da tun tana 'yar mitsitsiya take tashi da asuba ta surfa gero, yau a gabanta ake rantsuwa ba ta iya komai ba, kuma uwarta na faɗa tana ƙara gyara zama, ita a dole tana ɗaga darajar 'yarta.

Bayan labule rago ya yi atishawa.

"Mine ne wancan?"

"Talabijin ce," Inna Rabi ta ce da sauri. "Haka taka yi in rezo ya yi rauni."

Ana cikin haka sai aka ji ƙarar mota a waje, da oda har sau ba adadi. Fuskar Inna Rabi ta washe. Ita ta aika wa Shafi'i cewa ya zo yau, don mutanen Azarori su san 'yarta ba ta rasa manema ba.

Ya shigo da turarensa a gaba, shadda na ƙara, baƙin gilashi a fuska, talho a sama yana ɗaukar kansa. Ko tsayawa a zaure bai yi ba.

"Bonjur, bonjur! Jama'a ku gani, ga ni a gidan Gimbiyar Adar da kanta. Maman, ina wuni? Tanti, sa ba?"

Gwaggo Cima ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ɗan wa ne wanga da ka shiga ɗakin mata da takalmi?"

"Baƙonmu ne daga Abijan," in ji Inna Rabi da alfahari. "Shi ma shina ciki."

Shafi'i ya zagaya ɗakin yana nuna wa talhonsa darduma da agogo. Ya tsaya kusa da Salma, ya karkata kai.

"Gimbiya, a hoto kin hi haske. Ba komi, hasken ɗakin ne. Bon, zahi ya kashe ni, bari in ɗau ruwan sanyi."

"A'a, ɗana, tsaya in..."

Kafin Inna Rabi ta miƙe ya riga ya ja ƙofar hirigo.

Ƙore suka zubo suna gangarawa, ludayi ya bi su, zanen daka ya sauka a kan takalminsa mai sheƙi. Sannan daddawar batso, wadda ta kwana ta wuni a rufe cikin zafi, ta fito ta gaida kowa. Turaren Abijan bai yi ko gardama ba.

Shafi'i ya toshe hanci ya ja baya, ya manta talhonsa na ɗauka.

"Sabon salo ne na aje kaya," Inna Rabi ta fara.

Daga waje wata murya ta ɗaga: "Shahi'i! Ka ce hoto ɗai za ka yi ka hito! Mai mota shina jira, akwai awakin da za a kai Tawa!"

Mutari direba ne, kuma ba ya magana a hankali ko a masallaci. Shafi'i ya sauke talho, ya ce akwai wani babban taro da ke jiransa, ya fice yana karkaɗe zanen daka daga ƙafarsa. Ko sallama bai yi wa gimbiyar ba.



Gwaggo Cima ta zame daga kujera har ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ta gyara lulluɓi.

"To, na gani. Ɗiyarku ba ta daka, ba ta ɗiban ruwa, hayaƙi na sa mata ciwo. Gidanmu ba shi iya ɗaukar ta, kuma ba mu cutar ɗiyar mutane. Sai dai in yi tambaya guda kahin in tahi." Ta juya ga Salma. "Ɗiyata, kujerar ga ta burge ni. Ina kunka saye ta?"

"Daga Dubai anka..." Inna Rabi ta shiga.

"Ba ke nit tambaya ba."

Salma ta ɗago. Ta ga uwarta na mata alama da ido. Ta tuna Alƙasim tsugune a gindin bedi, katangar gidan kuwa ba ta da tsawon da za ta tare magana. In ta faɗi gaskiya, zai ji da kunnensa cewa wadda ya yi wa siminti ta daɗe tana yaudararsa. In ta yi shiru, tsohuwar nan za ta sa takalmi ta tafi da aurenta.

Kuka ya ƙwace mata.

"Gwaggo, ba tamu ba ce. Aro ce."

"Salma!"

"Inna, ki gahwarce ni, na gaji. Gwaggo, kujera aro ce, hirigo aro ne, ko kuran, wutar lantarki, ba mu da shi. Darduma ta malamin lakkwal ce. Wadda kunka gani a hoto ma babu ta a duniya, talho ka zana ta. Ni na hwara ƙaryar ga don in samu masu ɗinki, mutane sunka yaba, daɗin yabon yak kama ni har na kasa bari. Inna rufa mani asiri taka yi, laihin nawa ne."

Ta miƙe, ta kama dogon labulen ta fizge. Ga turmi, ga taɓarya, ga ragon Malam Ayuba da rabin furen roba a baki yana kallon jama'a.

Ta fito da hannuwanta daga mayafi ta miƙa wa tsohuwar.

"Ni ka daka a gidan ga. Ni ka zuwa rijiya. In za a ƙi ni, a ƙi ni don na yi ƙarya, wannan na cancanta. Amma kada a ƙi ni don kujerar da ban taɓa zama bisanta ba."

Inna Rabi ta zube a kan dardumar malamin makaranta ta rufe fuska da zane. Kunya ta ishe ta, har ta ba ni tausayi, don duk abin nan saboda 'yarta ta yi shi.

Gwaggo Cima ta kama hannun Salma, ta juya tafin, ta murza kantar da babban yatsa yadda take murza gero a kasuwa. Sannan ta ɗage ƙyallen da ke hannun kujera.

"Kin ga tabon ga? Kaskon turarena ne ya yi shi, shekarar da ɗana ya aiko mani da ita daga Libiya. Kujerata ce."

Inna Rabi ta leƙo daga cikin zane.

"Taki?"

"Tawa. Shekaranjiya anka zo anka ce mani wata a Madawa za ta yi suna, a ara mata. Na ce a ɗauka. Yau na zaka Babankatami ganin ɗiyar masu kuɗi, sai ga ni zaune bisa kujerata ana ce mani daga Dubai ta hito." Ta tofar da goro a hannu. "Tun da niz zauna na gane. Aro ba laihi ba ne, Rabi, ni ma tukunyar da nid dahwa abincin auren ɗiyata ta mutane ce. Jira nika yi in ga ko bakin yarinyar ma na aro ne."

*

Suka rako ta ƙofar gida. Alƙasim na tsaye jikin motonsa, kallo ɗaya za ka yi masa ka san babu abin da ya wuce kunnensa.

Salma ta kasa haɗa ido da shi.

"Babu tayil?" ya tambaya a hankali.

"Babu."

"Babu hirigo?"

"Randa ce, Alƙasim. Bakinta ma ya ɗan hwashe."

"Tun kaka ban yi barcin kirki ba saboda hirigon ga, Salma. Ina ban ruwa ina tunaninai. Kina gani na rame, ba ki ce mani komi ba."

"Tsoro nika ji kada ka raina ni."

"Ni da nika zo maki da warin albasa, ni zan raina ki?"

Ya juya mata baya. Ransa ya ɓaci da gaske, kuma yana da gaskiya. Salma ta tsaya tana kuka mara sauti. Ita kanta ba ta san ko gwaggo ta yafe ba, balle shi.

Inna Rabi ta fito da sauri, ita da Malam Ayuba, suna ɗauke da jar kujera.

"Yaya Cima, ga kayanki. A ɗaura maki bayan moto, ko mu nemi amalanke? Don Allah maganar ga ta tsaya nan, kada ta kai kasuwa."

Gwaggo Cima ta riga ta haye bayan moto tana gyara zane. Ta dubi kujerar, ta dubi ɗan ƙanenta da ke ta kumbure-kumbure, ta kai masa duka a kafaɗa.

"Kai kuma huren roba biyu da kas saya ka ɓoye ƙarƙashin gado, kana zaton ban gani ba? Duk ku ɗaya ne." Ta juya ga Salma. "Ba ni ɗaukar ta yau, moto ba shi iya mu uku. Ki aje mani ita, kada rago shi ci. Ran da za a kawo ki Azarori, ki taho mani da abata."

Sai da maganar ta ɗan jima a iska kafin Salma ta gane. Ta durƙushe a wurin, kuka da dariya suka haɗe mata.

Alƙasim ya tayar da moto, har yanzu fuska a ɗaure, amma bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Sun ɗan yi gaba ya taka birki ya waiwayo.

"Randar da bakinta ya hwashe," ya ce, "kada a kawo mani ita. Tawa sabuwa ce."

Salma ta share hawaye, ta ɗora jar kujera a ka ta shiga da ita gida. Ta ajiye ta kusa da turmi, ta ɗaure rago nesa, ta koma tsince ƙoren da suka watse a ɗaki.